Kwano Ɗaya, Ciwo Biyu: Abin da Har Yau Ba a Gano Ba Game da Tamowa

Gwajin ba ya buƙatar na'ura. Ma'aikaciyar lafiya takan riƙe ƙafafun yaro duka biyu, ta ɗora manyan yatsunta a kan kowace ƙafa, ta danna a hankali ta ƙirga uku, sannan ta ɗaga. In fata ta koma yadda take, shi ke nan. In kuwa gurbin yatsa ya tsaya a ƙafafun biyu, magana ta ƙare: yaron nan yana da tamowa mai tsanani, ko da sikeli bai nuna ba, ko da kumatunsa sun cika har kakarsa tana murna wai jikanta ya soma ƙiba. Ruwa ne ya taru masa a jiki.

Tamowa mai tsanani iri biyu ce. Akwai ta rama, wadda kowa ya sani: yaro ya bushe, haƙarƙari a waje, fatar cinya ta saki, idanu sun faɗa, amma sau da yawa yana nan da son abincinsa. Akwai kuma ta kumburi, wadda likitoci ke kira kwashiyoko. Ita daga ƙafa take farawa, ta haura hannu da fuska. Gashi ya yi ja ya yi laushi yana zuba, fata ta yi duhu tana saɓulewa, kitse ya cika hanta, yaro ya daina wasa, in an taɓa shi sai ƙananan koke-koke, abinci ma ya kau da kai. A gida ɗaya, a kwano ɗaya, sai a ga wa ya rame ƙane ya kumbura. Me ya raba su? Yau shekara fiye da 90 da shigar wannan ciwo littattafan likitanci, amma masana ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba.

Mutanen Batsari da Safana a jihar Katsina na cikin waɗanda tambayar ta fi shafa. Ƙasa ce ta noma da kiwo a gefen dajin Rugu: gero, dawa, masara, wake, gyaɗa, rogo, ga nono da matan Fulani ke kawowa gari. Shekarun 'yan bindiga sun taɓa kowane ɗaya daga cikin waɗannan. An kore shanu, an bar gonakin nesa sun koma saura, ƙauyuka sun watse zuwa cikin Batsari da Dutsinma da Katsina, wasu har sun tsallaka Maraɗi. A watan Fabrairun 2020 an kashe mutum kusan 30 a dare ɗaya a ƙauyukan Tsauwa da Dankar. A watan Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, ciki har da waɗannan biyu. Gidan da ya rasa saniyar tatsa da gonar wake, ko da bai kwana da yunwa ba, abin da ke shiga tukunyarsa ya riga ya canza.

A watan Yulin 2025 ƙungiyar Likitoci Na-Gari-Na-Kowa, wato MSF, wadda ke aikin tamowa a jihar Katsina tun 2021, ta sanar cewa a wata shida na farkon shekarar ta duba yara kusan 70,000 masu tamowa, ta kwantar da kusan 10,000, kuma 652 sun rasu a hannunta. A cikin sanarwar akwai wani adadi da bai ja hankali kamar na mace-macen ba: yaran da suka zo da kumburi sun ƙaru da kashi 208 cikin ɗari in aka kwatanta da watannin nan na 2024, wato sun ninka sau uku. Abin lura ne ƙwarai, domin da masana suka tattara ƙididdigar ƙasashe suka zana taswirar kwashiyoko, sun ga ya fi katutu a tsakiya da kudancin Afirka, irin su Kwango da Malawi. A yankin Sahel, ƙasar gero, tamowar rama ce ta saba rinjaye. Duk mai son fahimtar abin da ya sauya a Katsina, dole ya fara sanin me ke jawo kumburin tun asali. A nan ne ilimin ya cije.

Wadda ta fara bayyana ciwon dalla-dalla wata likita ce haifaffiyar Jamaika, Cicely Williams, lokacin tana aiki a asibitin yara na Akra, a ƙasar da yanzu ake kira Gana. A 1933 ta rubuta cewa tana ganin wani ciwo a yaran da aka yaye aka bar su da kunun masara zalla. Mutanen wurin sun riga ta lura cewa ɗan da aka yi wa ƙane da wuri shi ya fi kamuwa, daidai da abin da iyaye mata a ƙasar Hausa ke faɗi game da rurrutsa da yaron da ya sha ciki. Ita dai ta yi zargin cewa wani abu na gina jiki ne abincin ya rasa. Manyan likitocin Ingila na lokacin sun musa, suka ce wani ciwon ƙarancin bitamin ne da aka riga aka sani. Daga baya duniya ta koma bayanta, har ta zarce inda ta tsaya. A shekarun 1950 da 1960 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya sun ɗauki ƙarancin furotin, sinadarin gina jiki da ke cikin nama da ƙwai da wake da madara, a matsayin babbar matsalar abinci ta duniya, aka kashe maƙudan kuɗi wajen ƙirƙiro garin kifi da makamantansa.

Bayanin yana da daɗin ji. Akwai wani furotin a cikin jini mai suna albumin, wanda aikinsa riƙe ruwa a cikin jijiya. In yaro bai ci furotin ba, hanta ta kasa yin albumin, ruwa ya tsiyaye cikin tsoka, ƙafa ta kumbura. Har gobe haka ake koyar da shi a makarantu da yawa.

Sai dai tun 1968 wani masani a Indiya, Gopalan, ya bi abincin yaran da ke kumbura da na waɗanda ke ramewa, bai ga wani bambancin a-zo-a-gani ba. A 1974 Donald McLaren ya rubuta a mujallar likitoci ta Lancet cewa an yi shekaru ana bin hanyar da ba ta ɓillewa, yawancin yaran abincin ne gaba ɗaya bai ishe su ba, ba furotin kaɗai ba. Sannan a Jamaika, wajen 1980, Michael Golden da abokan aikinsa suka nuna wani abu mai ɗaure kai: yara sun saɓe alhali abincin da ake ba su furotin ɗinsa kaɗan ne, kuma albumin ɗin jininsu bai ƙaru ba. Wannan bai kore albumin daga zancen ba. Akwai masanan da har yau ke riƙe da cewa ƙarancinsa na da hannu, kuma lalle yaran da suka kumbura galibi nasu ya yi ƙasa. Amma ana samun masu ƙarancinsa da ba su kumbura ba. Ke nan akwai wani abu bayan shi.

Golden ya kawo nasa bayanin. A kullum jikin mutum na samar da wasu sinadarai masu ɓarna, musamman lokacin da yake yaƙi da cuta irin su ƙyanda ko gudawa, kuma yana da makaman da yake kashe kaifinsu. Babba a cikin makaman shi ne gulutatayon. An auna an ga yaran da suka kumbura nasu ya yi ƙasa sosai fiye da na masu rama. Sai ya ce kwashiyoko ɓarnar waɗannan sinadarai ce a jikin da garkuwarsa ta ƙare. Magana ce mai ma'ana, kuma ta yi daidai da abin da ake gani, cewa kumburi kan biyo bayan ƙyanda. Aka gwada ta a Malawi: yara fiye da 2,000, rabi ana ba su garin da ke ɗauke da bitamin da sinadaran ƙarfafa wannan garkuwa na tsawon mako 20, rabi ana ba su garin da babu komai a ciki. Sakamakon da aka buga a 2005 ya nuna garin bai hana kumburi ba ko kaɗan.

Duk da haka ba a watsar da zaren ba. Wajen ƙera gulutatayon jiki na buƙatar wasu tubalan furotin masu ɗauke da farar wuta, metiyonin da sistin. Wani ƙaramin gwaji a Jamaika ya nuna in aka ƙara wa yara sistin sukan fi saurin saɓewa. Rogo kuwa kusan babu waɗannan tubalai a cikinsa. Don haka akwai masu ganin Williams ta kusa gaskiya: ba yawan furotin ba ne, irinsa ne. Wannan zato ya cancanci a kula da shi a wurin da nono da wake suka ja baya, garin rogo da masara suka cike gurbinsu saboda araha. Zato ne dai, ba a tabbatar da shi da babban gwaji ba, kuma ba dalili ba ne na ɗora wa rogo laifi. Abincin da ya rufa wa gida asiri a tsakiyar damina ba abin zargi ba ne. Tambayar ita ce me ya kamata a haɗa shi da shi a kwanon yaro.

Akwai kuma zancen hunhuna. Gyaɗa da masara in aka adana su da danshi sukan kama wata hunhuna mai fitar da guba, afulatoksin, wadda ke cin hanta. A farkon shekarun 1980 Ralph Hendrickse na Libaful ya auna jini da fitsarin yara a Sudan, ya tarar gubar ta fi yawa a masu kumburi. To amma wa ya riga wani? Gubar ce ta lalata hantar har yaro ya kumbura, ko kuwa hantar da ta riga ta raunana ce ta kasa fitar da gubar da kowa ke ci? Shekara 40 an kasa raba wannan gardama. Abin da ba a gardama a kai shi ne gubar mugunya ce, tana cikin masu jawo kansar hanta, kuma busar da amfanin gona sosai da tsince lalatattun ƙwayoyi kafin a kai niƙa aiki ne da ya wajaba ko da ba ita ce ke kawo kumburi ba.

Bincike mafi ban mamaki tagwaye ne suka ba da shi. Masana daga Amurka da Malawi, ƙarƙashin Jeffrey Gordon, sun bi tagwaye 317, wato yara 634, a shekarunsu uku na farko. Uwa ɗaya, ɗaki ɗaya, kwano ɗaya, wasu ma kamarsu ɗaya sak. Amma a kashi 43 cikin ɗari na tagwayen, ɗaya ya kamu da tamowa ɗaya ya tsira. Sai masanan suka juya ga hanji. A hanjin kowane mutum akwai biliyoyin ƙananan halittu, yawancinsu bakteriya, da ke taya shi narkar da abinci. Aka ɗebi na yaron da ya kumbura da na ɗan'uwansa mai lafiya, aka zuba wa ɓerayen da aka rena ba tare da ƙwayar halitta ko ɗaya a cikinsu ba, aka ciyar da su abinci irin na ƙauyen Malawi. Ɓerayen da suka karɓi na mai kumburi suka zube, na ɗan'uwansa kuwa ba su rame haka ba. An buga wannan a 2013. Ya nuna cewa abinci maras kyau da hanjin da halittunsa suka rikice, in suka haɗu, suna iya yin ɓarnar da ɗayansu kaɗai ba zai yi ba. Sai dai ɓerayen ramewa suka yi, ba kumbura ba, saboda haka tambayar farko tana nan. Daga wannan aiki ne aka haɗa wani abinci a Bangladash, na wake iri biyu da gyaɗa da ayaba, don gyara halittun hanji, kuma gwajin da aka buga a 2021 ya nuna yara masu matsakaiciyar tamowa sun fi ƙara nauyi da shi. Ko za a sami makamancinsa daga gero da wake da zogale da kuka, wannan aiki ne da ke jiran masu yi.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tunda ba a san sanadi ba, ba a san magani ba. An sani, kuma da tsada aka koya. Shekaru da yawa yara na mutuwa a asibiti saboda kyakkyawar niyya: a ga yaro a bushe a ɗaura masa ƙarin ruwa, zuciyarsa da ta raunana ta kasa ɗauka, a ga ba shi da jini a ba shi maganin ƙarin jini tun ranar farko, ƙwayoyin cuta su samu abinci, a ga ya kumbura a ɗura masa nama da ƙwai, hanta ta gaza. Jikin mai tamowa kamar murhu ne da wutarsa ta kusa mutuwa, in aka jibga masa itace sai ta ƙarasa mutuwa, da ƙirare ake tayar da ita. Shi ya sa a yau ake farawa da wata madara mai sauƙi, F-75, kaɗan-kaɗan dare da rana, a lulluɓe yaro kada ya yi sanyi, a kula kada sukarin jininsa ya faɗi, sai bayan kwanaki a ƙara ƙarfin abincin.

Babban sauyi ya zo ne a 1996, da wani likita Bafaranshe, André Briend, da kamfanin Nutriset suka haɗa tunkuzar gyaɗa da garin madara da sukari da mai da bitamin a cikin 'yar leda, Plumpy'Nut. Ba ya buƙatar ruwa ko dafuwa, ba ya saurin lalacewa, uwa na iya ba ɗanta a gida. A nan maƙwabta aka nuna wa duniya ƙarfinsa: a yunwar 2005 MSF ta yi wa yara fiye da 60,000 magani a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu ba su kwana asibiti ba. Yau yaron da aka zagaya masa ma'auni a damtse ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, in yana iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani, wannan leda ake ba uwarsa ta dawo bayan mako. Magani ne, ba abin rabawa yaran gida ko sayarwa a kasuwa ba, ko da yake wanda ya ga gidan da yara biyar ke kallon ɗaya yana tsotsar leda zai fahimci abin da ke sa uwa ta raba.

Tare da ledar akan ba da amoksisilin na mako ɗaya, ko da yaro bai nuna alamar wata cuta ba. A nan ma akwai gardama, kuma rabin gardamar a ƙofar gida aka yi ta. A Malawi an gwada yara 2,767, aka buga a 2013: a cikin waɗanda aka ba ruwan da babu magani a ciki, kashi 7.4 cikin ɗari sun rasu. A masu amoksisilin, kashi 4.8. Hujja ce mai ƙarfi. Sai aka maimaita gwajin a Madarumfa ta Nijar, wadda ke tsallaken iyaka daga Jibiya, daga 2012 zuwa 2013, a kan yara wajen 2,400, ƙarƙashin Sheila Isanaka. Masu magani kashi 65.9 suka warke, marasa magani kashi 62.7, tazarar da masu lissafi suka ce ba ta isa a kafa hujja da ita ba. Abin da maganin ya rage shi ne yawan waɗanda aka mayar gadon asibiti.

Me ya sa gwaji biyu masu inganci suka saɓa? Yawancin yaran gwajin Malawi masu kumburi ne, kuma cutar ƙanjamau ta yi yawa a can. Na Madarumfa masu rama ne, ana kuma sa musu ido sosai, da zarar yaro ya rikice a kai shi asibiti. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya dai ta ci gaba da cewa a bayar, kuma a wurin da uwa za ta iya kwana uku ba ta sami hanyar fita ƙauye ba, wannan shi ne ya fi kusa da hankali. Amma darasin Madarumfa ya fi ƙarfin amoksisilin. Yaran can Hausawa ne, gero suke ci, damina ɗaya ke kawo musu sauro tare da na Batsari, kuma amsar da aka samo a kudancin Afirka ba ta zauna daidai a kansu ba.

Labarin azitiromaisin ya fi wannan ɗaure kai. Magani ne da ake rabawa gari guda don kawar da amosanin ido. A Habasha aka fara lura, a 2009, cewa a ƙauyukan da aka raba shi mutuwar yara ta ragu, abin da ba wanda ya nema. Aka shirya babban gwaji a Nijar da Malawi da Tanzaniya, yara kusan 190,000, kowane yaro ɗan ƙasa da shekara biyar a ba shi sau ɗaya duk wata shida. Sakamakon 2018 ya nuna mutuwa ta ragu da kashi 13.5 cikin ɗari a jimlace, amma in aka rarrabe, a Nijar kashi 18 ne, a Malawi wajen 6, a Tanzaniya wajen 3. Wani gwajin na Nijar da aka buga a 2024 ya sake samun ragin kashi 14. Cokali ɗaya sau biyu a shekara yana ceton rai, kuma ba a tabbatar ta wace hanya ba. Ciwon huhu yake tarewa, ko gudawa, ko zazzaɓin cizon sauro, ko halittun hanji yake gyarawa? Ga kuma farashi: a garuruwan da aka daɗe ana rabawa, ƙwayoyin cutar da suka daina jin wannan magani sun ƙaru. Ceton yaran yau da lalata maganin yaran gobe, awo ne mai nauyi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2020 ta yarda a yi tunanin rabawa ne kawai ga jarirai 'yan wata 1 zuwa 11, a wuraren da mutuwar yara ta yi yawa, tare da sa ido. Shiri ne na hukuma da awo. Sayen maganin a kemis a ɗura wa yaro lafiyayye ba ya cikinsa, illa ma ƙara wa cuta taurin kai.

Akwai wani ciwo da ke bin sawun tamowa da ƙyanda, zaizayar baki, wadda likitoci ke kira noma. Daga kumburin dasashi take farawa, cikin kwanaki ta huda kumatu ta ci leɓe da hanci, kuma in ba a yi magani ba tana kashe har tara cikin goma. In aka tare ta da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci sun isa. Sakkwato na da asibiti na musamman dominta tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a watan Disambar 2023. An daɗe ana neman ƙwayar cutar da ke haddasa ta. Wani bincike da masanan Janeba suka yi a yankin Damagaram bai sami ƙwaya guda da za a nuna da yatsa ba, sai dai rikicewar halittun da dama can suke zaune a baki.

Tambayar da ta fi damun ma'aikatan lafiya na karkara ita ce ta bayan sallama. An auna yaro, damtse ya fita daga ja, an rubuta ya warke, an tafi gida. Wani bincike a jihar Sakkwato ya bi irin waɗannan yara na wata shida, ya tarar kusan ɗaya cikin huɗu ya sake faɗawa tamowa mai tsanani, alhali a tsaransu na ƙauye ɗaya da ba su taɓa yi ba, bai kai ɗaya cikin ɗari ba. Wani babban bincike a ƙasashe shida na Afirka da Asiya, da aka buga a 2022, ya nuna kusan rabin yaran da suka rasu bayan an kwantar da su da ciwo mai tsanani, a bayan sallama suka rasu, ba a gadon asibiti ba. Komawa gidan da babu abinci na cikin dalili, babu shakka. Amma maƙwabcinsa ma a irin gidan yake. Ana zargin nauyi ne ke dawowa kafin garkuwar jiki da hanji su farfaɗo, wato ma'aunin damtse na cewa an warke alhali ciki bai gama ba. Har yanzu babu wani awo mai sauƙi da zai nuna wane yaro ne ke cikin haɗari ranar da za a sallame shi.

In aka duba jerin wuraren da aka yi manyan binciken kwashiyoko, Akra, Jamaika, Indiya, Sudan, Malawi, za a ga ƙasar Hausa ba ta cikin sahun gaba, alhali arewa maso yammacin Najeriya na cikin wuraren da tamowa ta fi yawa a duniya yau. Rashin tsaro na da nasa kason: mai bincike ba ya zuwa inda ma'aikacin rigakafi ke tsoron shiga, kuma ƙididdigar asibiti ta waɗanda suka iso ce kawai. Yaron da ya rasu a wani ƙauye bayan Runka ko Wagini ba ya cikin kowane rajista.

Duk da haka kayan aikin ba su yi nisa ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma tana maƙwabtaka da Safana. Katsina na da Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Asibitin Koyarwa na Tarayya. Kowace cibiyar tamowa na rubuta garin da yaro ya fito, da watan da ya zo, da ko ya kumbura ko bai kumbura ba. In aka tara waɗannan rajistoci aka ɗora su a taswira, za a ga ko kumburin ya taru a wasu gundumomi ne ko ya bazu, ko yana bin ɓarkewar ƙyanda, ko ya fi kama 'yan gudun hijira fiye da mazauna gari. In aka ƙara da tambayar iyaye mata abin da yaro ya ci a watan da ya gabata, da yaushe gidan ya rabu da nono, da auna hunhuna a masara da gyaɗar rumbu da ta kasuwa, za a iya gwada zato uku daga cikin waɗanda aka ambata a sama ba tare da an jira na'urar ƙasar waje ba. Gwajin Madarumfa da likitocin duniya ke kafa hujja da shi, a ƙananan asibitocin karkara huɗu aka yi shi, cikin shekara ɗaya da 'yan watanni.